Yadda Ake Yanke Bodin Motar Rimot Ba Tare Da Ya Tsage Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Jos. Wannan abin da kuke gani a kan tebur, garau kamar gilashi, shi ne bodin motar rimot kafin a taɓa shi. Haka yake zuwa daga kamfani, ko na Tamiya ko na HPI: babu fenti, babu gurbin taya, ga rarar roba ta zagaye shi ta ƙasa.

Robar nan sunanta polikabonet, masu harkar kuma sun fi kiranta Lexan. Ana gasa fallenta ne har ya yi laushi, sai a zuƙe iska ya manne a jikin zubi ya ɗauki siffar mota. Kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba a motoci masu girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske. Tana da juriyar duka sosai, mota za ta daki bango ta tashi lafiya. Amma da zarar an bar wata 'yar tsaga a bakinta, to daga nan za ta fara kecewa, kuma ba ta tsayawa. Duk aikin da za mu yi yau, gudun wannan tsagar ne.

Ku matso ku ga wannan siririn layin da ya bi gefen bodin. Kamfani ne ya fitar da shi, nan ne iyakar yanka. Ku bi shi da alƙalamin maka ta waje, domin akwai leda shara-shara da ke rufe da wajen, kuma daga baya za a ɓare ta da duk zanen da ke kanta.

Da farko a rage rarar da almakashi, nesa da layi, don hannu ya samu sakewa. Sannan sai aikin gaske. Ka ɗauki wuƙa mai sabon kaifi, ka ɗora bakinta a kan layin, ka ja a hankali sau ɗaya. Kada ka danna da niyyar huda robar, karce kawai ake so. Yanzu lanƙwasa rarar baya. Kun ji ƙarar? Ta ɓalle a kan layin, bakin ya fito sumul, babu haƙoran da almakashi kan bari. Ni dai wannan hanyar na fi yarda da ita a miƙaƙƙen layi. Yatsunka kuma su zauna bayan wuƙa, don Allah, kada su shiga gabanta.

Gurbin taya shi ne inda aka fi yin asara. Miƙaƙƙen almakashi ba ya shan kwana, sai dai ya yi ta cizon robar. A nemi mai lanƙwasasshen baki, a riƙa juya bodin maimakon hannu, kuma kada a rufe bakin almakashin har ƙarshe, domin ƙarshen nan ne ke haifar da tsaga. Ka bar milimita 1 ko 2 kafin layi. Sai ka naɗa samfefa a jikin ƙaramin gwangwani da ya kusa faɗin tayarka, ka goge ragowar har da'irar ta daidaita. Duk wani lungu mai tsini, a goge shi ya zama kewayayye.

Ramukan sandunan da ke riƙe bodi kuwa, a yi musu alama tun bodin yana garau. Ɗora shi a kan mota, ka tabbatar tayoyi huɗun sun zauna tsakiyar gurabensu, ka ɗiga maka a kan kowace sanda. Akwai tsinken huda mai siffar mazurari da ake murzawa da hannu. Shi ya dace, domin injin huda kan fizgi robar ya yage ta. Murza kaɗan, gwada, sake murzawa.

Ka juya sitiyari dama da hagu, ka danna motar ƙasa, ka ga ko taya na gogar bodi. In babu, wanke cikin da ruwa da sabulun wanke-wanke, ban da fetur, yana lalata wannan roba. Ta ciki ake yin fenti, kuma ƙurar hunturun Jos na manne wa robar nan da nan, don haka da ya bushe a saka shi cikin leda har lokacin fesawa.