Amsoshin Tambayoyinku: 'Ya'yan Ƙwaron Kwana Ɗaya a Kogunan Ƙasashe Masu Zafi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko daga wani ɗalibin nazarin halittu take. Ya ce ya ɗaga dutse a cikin rafi ya tarar da wasu 'yan ƙwari masu jela uku sun manne a ƙarƙashinsa, malaminsa ya ce 'ya'yan Ephemeroptera ne. Yana tambaya, yaya ake gane su, kuma yaya ake rarrabe danginsu?

To, malam ɗalibi, sunan nan daga harshen Girka ya fito, ya haɗa "mai kwana ɗaya" da "fiffike". Dalili kuwa, idan ƙwaron ya balaga ya tashi sama ba ya cin komai, barbara kawai zai yi, macen ta zuba ƙwai a ruwa, cikin 'yan sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu su mutu. Yawancin rayuwarsa a ƙarƙashin ruwa yake yin ta. An san nau'o'i fiye da 3,000 a duniya.

Jela uku alama ce, amma kada ka dogara da ita kaɗai. Akwai masu jela biyu, sannan ɗan wani ƙaramin mazari shi ma yana da abu uku a bayansa, sai dai nasa falle-falle ne kamar ganye. Abin da za ka duba shi ne gefen tumbinsa: 'ya'yan ƙwaron kwana ɗaya suna da 'yan ganyayyakin numfashi jere a nan. Ka kuma sa madubin ƙara girma ka dubi ƙafa, farce ɗaya za ka gani. In ka ga farce biyu da jela biyu, to wani ƙwaro ne daban, Plecoptera.

Game da dangi, siffar jiki kan tona inda yake zama. Heptageniidae shimfiɗaɗɗu ne, idanu a saman kai, suna lafewa a jikin dutse inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Ina kyautata zaton su ka gani. Baetidae sirara ne, suna wulƙawa kamar 'yan kifi. Caenidae 'yan laka ne, suna da murfi biyu masu kusurwa huɗu da ke kare ganyayyakin numfashinsu daga toshewa. Oligoneuriidae kuwa ƙafafunsu na gaba gashi ne zara-zara, su tare ruwa da shi su tace abinci kamar da rariya.

Kuma ko masana sun sha ruɗewa. Akwai wani mai suna Prosopistoma, wanda garkuwa ta rufe masa kusan dukan jiki. Shekaru da dama ana lissafa shi cikin dangin ƙaguwa da jatan lande, sai a ƙarni na 19 aka gano ashe ɗan ƙwaron kwana ɗaya ne.

Wata malama kuma ta rubuto tana cewa littafin da ke hannunta na ƙwarin Turai ne, yana kai ta ga dangi amma daga nan sai hanya ta ɓace. Malama, ba laifinki ba ne. Nau'o'i da yawa na Afirka, Asiya da Kudancin Amurka ba su cikin irin wannan littafi, wasu ma har yau ba a raɗa musu suna ba. Wata matsalar ita ce masanan da suka gabata sun fi bayyana manya masu fiffike, musamman maza, ba su haɗa su da 'ya'yansu ba. Shi ya sa ake kiwon ɗan a ruwa har ya yi saɓa ya fito, sannan a adana saɓar da babban tare. A nan sai a yi haƙuri, domin wannan ƙwaro yakan sake yin saɓa bayan ya riga ya yi fiffike, abin da babu wani ƙwaro da ke yi. Yanzu gwajin ƙwayoyin gado na halitta, wato DNA, ya rage wahalar. Shawarata, ki zaɓi manyan 'ya'ya waɗanda kumburin fiffikensu ya yi duhu, ki sa su cikin itanol, wato ruwan sifirit na adana halittu, mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, ki rubuta wuri da kwanan wata da fensir. Ki ɗauke su a hankali, don ganyayyakin nan saurin tsinkewa gare su, in sun zube kuwa rabin shaidarki ta tafi.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce: wai da gaske akwai mai huda itace? Ƙwarai kuwa. Povilla adusta ke nan, ɗan Afirka mai haure biyu a baki. Ya yawaita sosai a itatuwan da ruwa ya cinye a tafkin Bolta na ƙasar Ghana bayan gina madatsar Akosombo, kuma a tafkin Biktoriya an lura manyansa sun fi fitowa dare kaɗan bayan cikar wata.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.