Sharhi: Minti Ukun Farko a Bakin Famfo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya taso ne daga wani shagon cajin waya a wani ƙauye kusa da Gujungu, a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Ranar Lahadi ce, kasuwa ta watse, janareto na ta ruri a bayan shago, samari sun yi cincirindo a kan waya ɗaya. Ɗan ƙanwata ya jawo ni, ya ce, "Kawu, zo ka ga fim ɗinmu." Fim ne na soyayya da barkwanci, su suka ɗauka da wayar hannu, kuma fitowar farko kaɗai suka gama haɗawa. Iri biyu suka nuna mini. Labari ɗaya, 'yan wasa ɗaya, wuri ɗaya, amma na farko ya wuce ba wanda ya ko murmusa, na biyu kuwa har mai shago sai da ya ajiye cajar da ke hannunsa ya riƙe ciki.

Ga labarin. La'asar sakaliya, wani saurayi ya sha farar shadda da guga, ya hau babur. Mai ya ƙare masa daidai bakin famfon tuƙa-tuƙa, inda wadda yake so ke ɗibar ruwa da ƙawayenta. Sai ya gyara zama kamar da gangan ya tsaya, ya zaro waya ya kara a kunne, ya shiga ciniki da ƙarfi, wai a loda masa buhu hamsin na riɗi zuwa Maigatari kafin Alhamis. Yana cikin haka ƙaninsa ya iso da gudu, ba ko takalmi, ya ce, "Yaya, Baba ya ce ka kai masa babur ɗinsa da wayarsa, zai tafi masallaci."

A haɗin farko, sun dasa kyamara waje guda daga nesa, kowa ya shigo cikin hoto, kamar yadda ake ɗaukar taron biki. Sun shimfiɗa kiɗan fiyano tun daga fari har ƙarshe, kuma da yaron ya faɗi maganarsa sai suka saka irin ƙarar nan ta "toing" da ke cewa mai kallo ya yi dariya. Ba a ga fuskar saurayin sosai ba, balle ta yarinyar. Ido ya rasa inda zai sauka.

A haɗi na biyu, allo baƙi ne na ɗan lokaci, ba ka jin komai sai ƙiƙi-ƙaƙa na hannun famfo da zubar ruwa a jarka. Tun kafin ka ga kowa ka san ƙauye ne, ka san yamma ce, ka san akwai mata a wurin. Sannan hoto ya buɗe daga nesa: hanya tsakanin gonakin gero, farar riga na tahowa tana ƙyalli. Da saurayin ya fara cika baki, sai suka durƙusar da kyamara ƙasa tana kallonsa sama, ya cika allo, ya zama wani babban attajiri. Da ƙanin ya yi magana, sai kyamara ta koma nesa, ka gan shi ɗan mitsitsi a kan babur ɗin aro, ga fili fetal a bayansa. Ba a ƙara masa ko kalma ɗaya ba, tsayin kyamara da nisanta ne suka kumbura shi, suka kuma sace masa iska.

Amma inda na fi son ku tsaya tare da ni shi ne abin da ya biyo baya. Famfo ya yi shiru. Yarinyar ta saki hannun famfon, kuma wannan ƙarar da kunne ya saba da ita tun daga daƙiƙar farko ta ɗauke ɗif. Suka yanko fuskarta kusa, ta ja gefen mayafi ta rufe baki, idanunta a ƙasa. Suka bar ta haka daƙiƙa biyu cur. A daƙiƙa ta farko mutane suka fashe da dariya. A ta biyu ta ɗago ido sau ɗaya ta dube shi, kallon da babu raini a cikinsa, ta sake sunkuyarwa. A nan ne fim ɗin ya tashi daga camama zalla ya zama na soyayya. Da mai haɗa hoton ya yanke bayan daƙiƙa ɗaya, da an tashi da labarin wani maƙaryaci da aka kunyata. Da ya ja ta kai biyar, da dariyar ta huce, kallon kuma ya zama rashin kunya. A silima hotuna 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, kuma gwanayen editin a kan 'yan ƙwarorin hotunan nan suke jayayya.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Kimanin shekara 100 da suka wuce, wani ɗan fim na ƙasar Rasha mai suna Lev Kuleshov ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, fuskar da ba ta nuna komai, ya jera ta da kwanon miya, ya sake jera ta da akwatin gawa, ya kuma jera ta da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga so, alhali fuskar ba ta canza ba. Abin da aka ajiye kusa da fuska shi ke ba ta ma'ana.

Mu Hausawa mun fi kowa buƙatar wannan dabara. A finafinanmu saurayi ba ya riƙe hannun budurwa, al'ada ba ta yarda ba, addini bai yarda ba, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 ita ma tana sa ido. Ni ban ɗauki wannan a matsayin takura ga mai fasaha ba. Soyayyar ƙauye dama da ido ake yinta, da sunkuyar da kai, da zanen ƙasa da ɗan yatsan ƙafa, da aiken ƙane. Duk waɗannan abubuwa ne da sai kyamara ta matso ake ganinsu. Kuma sai an kiyaye inda kowa ke kallo: idan shi yana duban dama, ita ta dubi hagu, kyamara ta tsaya a ɓangare ɗaya na layin da ke tsakaninsu. Ta tsallaka layin, sai ka ga kamar sun juya wa juna baya, kallon ya watse.

Abin da ke damuna shi ne, tun 1990 da aka fara finafinan bidiyo na Hausa a Kano, har yau sau da yawa fitowar farko sai dai a nuno gari daga sama, a nuno ƙaton get, a nuno mota, kiɗa na tashi kamar ba gobe. Idan kuma ƙauye aka je, sai a mai da baƙauye abin dariya tun kafin ya buɗe baki. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, ɗan karkara ne daga yankin Wudil, kuma duk wanda ya lura da shi ya san rabin dariyarsa a ɗan jinkirin nan take, kafin ya ba da amsa. Kiɗa in ya yi yawa wannan jinkirin yake cinyewa.

Mu da muke aikin rediyo mun san darajar sauti, don da shi kaɗai muke gina gari a kunnenku. Ƙauyukanmu kuwa cike suke da shi kyauta: luguden mata a turmi, kukan kurciya a kan gawo, ƙarar amalanke, kiran salla daga nesa. Yaran nan ba su da makirfo na kirki, iska ta ɓata musu maganar ƙanin a ɗaukar farko. Sai suka shigar da shi ɗakin kakarsu, suka rufe ƙofa da taga, ya maimaita maganar a waya, suka ɗora a kan hoton. Ƙarar famfon ma da asuba suka koma suka ɗauko ta ita kaɗai, lokacin da ba hayaniya.

Na tambayi wanda ya haɗa hoton, yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba, wa ya ce masa ya cire kiɗan. Ya ce, "Wallahi Kawu, Inna ce. Ta leƙo ta ce wannan gargar ɗin ya hana ta jin abin da yaron ke faɗa." Yanzu suna jiran a gama girbin gero su ɗauki fitowa ta biyu, wadda a cikinta saurayin zai tura babur ɗin har gida, ƙaninsa na zaune a kai.