Bindigar Farko: Lacca Ga Masu Sha'awar Wasan Harbi

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da ke zaune a gaba, 'yan'uwa matasa, barkanmu da war haka. Na baya can, kuna ji na? To, madalla.

Tun kafin in zauna wani ƙanena ya tare ni a bakin ƙofa, ya miƙo mini wayarsa. Hoton wata bindiga ce baƙa wuluk, an ɗora mata madubin hange, ya ce, "Yaya, irin wannan nake so in fara da ita." Na ce masa ya shiga ya zauna, amsarsa tana cikin laccar. Na san ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya taso a Kaduna ya saba ganin bindiga daga nesa: ga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, ga barikin soja na Jaji a hanyar Zariya, ga masana'antar makamai ta DICON a Kakuri tun 1964, ga 'yan bindigar Sarkin Zazzau ranar hawan sallah suna tayar da hayaƙin albarushi. Sai dai gani daban, riƙewa daban. Kuma abin da ya tara mu yau wasa ne, wasan harbin allo, irin wanda ake ba da lambar zinare a kansa a gasar Olamfik.

Bari mu fara da hukuma, don ita ce ƙofar. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu: bindigogin soja, masu jigida, da fistol kowace iri, har da duk raifil mai harsashin milimita 7.62 ko 9. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, su ne bindigar farauta ta katirij, da raifil ɗin wasa, da bindigar iska, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na ukun su ne na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, adaka da 'yan'uwanta, su kuma Kwamishinan 'yan sandan jiha ke kula da su. Ku lura da kyau, bindigar iska ma tana cikin lissafi. Mutane da yawa suna ɗaukarta abin wasan yara, doka kuwa ba ta ɗauke ta haka ba. Sannan a ɓangaren bindigar katirij, doka ta fito fili ta cire wadda ke ɗura wa kanta harsashi daga jerin waɗanda ake ba mutum, don haka ta faɗa cikin haramtattu.

Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. Ba a ba mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga, ɗaurinsa ba ya gaza shekara goma. Kuma a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da bayar da sabon lasisi. Saboda haka in wani ya same ka a Kawo ko Kasuwar Barci ya ce zai "haɗa ka" da bindiga da takardarta, ɗanuwa, ka kama gabanka. Hanyar ɗan koyo ita ce ta ƙungiyar wasan harbi mai rajista, a filin da hukuma ta amince da shi, ƙarƙashin mai horarwa.

To, mece ce wannan bindigar da ƙanena ya nuna mini? A Hausa mukan ce "mai sarrafa kanta" mu haɗa komai a buhu ɗaya, alhali iri biyu ne. Akwai wadda in ka danne kunama za ta yi ta aman wuta har sai ka saki ko harsashi ya ƙare, wannan ta yaƙi ce, ba ruwanmu da ita. Akwai kuma wadda danna ɗaya harbi ɗaya ne, amma ƙarfin harbin da kansa yake tura ƙarfen cikinta baya, ya tofar da kwanson, ya ɗauko sabon harsashi ya zaunar da shi. Kafin ƙarar ta bar kunnenka ta riga ta shirya. Irin wannan ce ƙanena ya nuna mini. A ƙasashen da doka ta sakar wa mutane mara, irin su Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi farawa da su ita ce Ruger 10/22, da ta fito a 1964, gidan harsashinta yana cin guda goma, ƙananan nan da ake kira .22. Harsashi ne mai arha, ba ya bugun kafaɗa, shi ya sa masu koyarwa suke son sa.

Amma ni ban yarda a fara da ita ba, ko da doka ta buɗe ƙofa gobe. Zan ba ku dalili da abin da ya faru da ni.

Ina sabon shiga, a wani fili da ba sai na ambaci sunansa ba, aka ba ni irin wannan bindigar. Na harba shida ko bakwai, aka busa usur a tsaya. Na zare gidan harsashin na ajiye a kan tebur, ina jin kaina gwani, na fara juyowa zan yi wa na kusa da ni magana. Ban ankara ba sai na ji hannun mai horar da mu ya damƙe bakin bindigar ya mayar da shi gaba. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce, "Ja ƙarfen." Na ja. Wani ɗan harsashi, bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba, ya yi tsalle ya faɗo kan siminti, ya gangara har gindin takalmina. Wallahi har yau ina jin ƙarar faɗuwarsa. Ashe tun harbin ƙarshe ta ɗora wani a ciki, ni kuwa na ɗauka tunda na cire gidan shi ke nan. Kada ƙanƙantar harsashin nan ta ruɗe ku, yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma yana kisa.

Wannan shi ne dalili na farko. Na biyu kuwa, tana lalata ɗan koyo. In ka san akwai tara suna jira, ba za ka ba na farkon haƙƙinsa ba. Ka kuskure, ka sake dannawa, ka sake, cikin minti ɗaya ka ƙone abin da ya kamata ya ishe ka darasin rabin awa, ba ka kuma san inda kuskuren yake ba. Ƙari a kan haka, harsashin .22 yana barin dauɗa, irin wannan bindigar kuma ba ta son dauɗa. Ku haɗa da ƙurar hunturun Kaduna a watan Janairu, ta gauraya da mai ta zama kamar kunu. Sai ta fara cijewa, kuma lokacin da ɗan koyo yake kiciniyar gyara cijewa, a nan ne bakin bindiga yake yawo.

Me zakarun duniya suke riƙewa? A Olamfik, gasar raifil ta mita 10 da bindigar iska ake yin ta, ƙwayar dalmar milimita 4.5 ce, ɗaya-ɗaya ake saka ta da hannu. Tsakiyar allon, inda maki goma yake, faɗinsa rabin milimita ne. Ɗigon biro ke nan. Harbi 60 ake yi a tsaye, da bindigar da nauyinta zai iya kai kilo biyar da rabi. Da ita Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinare a Beijin a 2008, zinaren farko da wani ɗan ƙasar ya ci shi kaɗai. Gasar mita 50 ita ce ta .22, a durƙushe, a kwance, a tsaye, ita ma harsashi ɗaya-ɗaya. Babu mai ɗura wa kanta a cikinsu. To in su da suka kai ƙololuwa haka suke, kai da ko numfashi ba ka iya riƙewa ba, gaggawar me kake yi?

Akwai wani Ba'amurke, Matt Emmons. A gasar Olamfik ta Atina, 2004, yana kan gaba da tazara mai yawa, saura harbi ɗaya ya ɗauki zinare. Ya saita, ya harba, harbi mai kyau, amma a allon maƙwabcinsa. Aka ba shi sifili, ya faɗo na takwas. Bayan shekara huɗu a Beijin, ya sake zuwa harbin ƙarshe yana kan gaba, yatsansa ya taɓa kunama kafin ya gama saiti, ya samu 4.4, ya ƙare na huɗu. Kuna dariya? Mutumin da ya fi mu iyawa nesa ba kusa ba ke nan.

Yanzu in ka je ƙungiya aka jera maka bindigogi, me za ka duba? Kafin ka taɓa ko ɗaya, gano idon da ke jagorantarka. Ku miƙa hannuwanku yanzu, ku haɗa su ku bar 'yar ƙofa a tsakiya, ku leƙa agogon bangon can da ido biyu. To, rufe na hagu. In agogon yana nan, idonka na dama ne shugaba. In ya ɓace, na hagu ne. Alhaji, ya ɓace ko? To kai ta kafaɗar hagu ya fi maka sauƙi ka koya, ko da kuwa da dama kake cin tuwo.

Daga nan sai tsawon gindin bindigar. Ka kafa shi a kafaɗa, kuncinka ya kwanta a kai, idonka ya faɗa kan saiti ba tare da ka miƙa wuya kamar zalɓe ba. In sai ka lanƙwashe kafin ka gani, ba taka ba ce, ko nawa aka saye ta. Ka ɗaga ta na minti ɗaya ka ji ko hannunka zai fara rawa. Ka gwada kunamar, da izinin mai horarwa, ka ji ko tana sakin harbi a tsabtace ko tana jan ƙafa. Madubin hange kuwa ka bar shi tukuna, 'yan Olamfik ma ba sa amfani da mai ƙara girma. Kuɗin ka sa shi a tabarau na kariya da abin toshe kunne. Ƙarar .22 tana kaiwa wajen desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ni kunnena na hagu shaida ne, shi ya sa in kuna tambaya anjima ku ɗaga murya.

Ƙa'idojin fili kuwa ba a sasanta su. Kowace bindiga ka ɗauka cewa ɗure take, ko yanzu ka ga an zazzage ta. Bakinta ba ya kallon mutum, ko da wasa, ko don hoto. Yatsa yana waje har sai ka gama saiti. Kuma ka san abin da ke bayan allonka, don a garin nan bayan kowane fili akwai gona, ko makiyayi, ko yara masu tallar gyaɗa. In an busa usur, ka cire gidan harsashi, ka buɗe ƙarfen, ka leƙa da idonka, ka sa 'yar tutar nan mai launi da ke nuna babu harsashi a ciki yadda kowa zai gani daga nesa, sannan ka ja da baya.

Na ga mai gabatarwa yana nuna mini agogo, la'asar ta gabato. Ƙanena mai hoto, ina kake? Yawwa. Ranar da za ka fara zuwa fili, ka zo da katin shaidarka da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, kuma kada ka sha shayi mai kauri da safen, yana sa hannu rawa. Za mu ɗauki tambaya uku kafin a kira salla. Baba na gaba, bismilla.