Wane Mu? Tambaya Daga Karar Maigatari

Masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Alhamis ɗin da ta wuce na ci kasuwar Maigatari. A bakin kara na tarar da wani dattijo dillalin shanu, rediyo manne a kunne, wani masani yana ta zuba a ciki wai tun bayan korona duniya ta haɗa kai don farfaɗo da tattalin arziki, mu ma muna cikin tafiyar. Dattijon ya rage murya ya dube ni, ya ce, "Malam, wane mu?" Har yau tambayar nan ba ta bar ni na sake ba.

Wasu kam sun haɗa kai. A Yulin 2020 ƙasashe 27 na Tarayyar Turai suka yarda su ciwo bashi da suna ɗaya, Yuro biliyan 750, waɗanda cutar ta fi jigatawa irin Italiya da Sifen suka ɗauki kaso mafi tsoka. A 2022 Amurka ta ware sama da dala biliyan 50 don a dawo da ƙera ƙwaƙwalwar na'urori gida. Da asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya raba dala biliyan 650 a Agustan 2021, Afirka kakaf ɗinta kusan biliyan 33 ta tashi da shi, domin gwargwadon jarin kowa aka yi rabon. Mai shi aka ƙara wa.

Wannan ba shi ya fi ɓata min rai ba. Namu na gida ne.

A Yulin 2019, a Yamai, Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Tawadar ba ta gama bushewa ba, a Agusta, muka garƙame iyakokinmu na ƙasa. Haka korona ta zo ta same mu, ƙofa a kulle. Sai Disamban 2020 aka buɗe guda huɗu, har da Maigatari, kwanaki kaɗan kafin yarjejeniyar ta soma aiki ranar 1 ga Janairun 2021. Mutane suna ɗan numfasawa sai ga juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Me aka fara yi? Aka rufe ƙofa, aka yanke wa Nijar wutar lantarki. Sai Maris na 2024 ɓangarenmu ya buɗe, kafin shekara ta zagayo kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. A zauren taro a yi musafaha, a bakin iyaka a sa kwaɗo. Wannan ne haɗin kan?

Ku duba abin da muke fitarwa. Zoɓon Jigawa a buhu yake tafiya Meziko, ɗanye. Riɗinmu ɗanye. Fatar Kano ta je Italiya ta dawo mana takalmin da mai akuyar ba zai iya taya shi ba. Me ya hana a sarrafa su a nan? Kowa zai ce wuta, kuma gaskiya ne. Amma ko an ba ka wuta, wane mai kuɗi ne zai kafa injin matsar man riɗi a Gumel ko Maigatari da niyyar sayarwa Damagaram da Maraɗi, alhali ya san sanarwa ɗaya daga Abuja ko Yamai ta isa ta tsayar da motocinsa wata takwas? Masana'anta kasuwa take bi, kasuwarmu mafi kusa kuwa tana bayan wannan ƙofa da muke ta buɗewa muna rufewa kamar ta ɗakin gwauro.

Na san abin da za a ce: ai rufe iyaka ne ya raya noman shinkafa. To, injinan casa sun ƙaru a Kano da kwarin Haɗejia, ban musa ba, wataƙila ma rufewar ta taimaka. Amma a tambayi uwar gida nawa ta koma auno kwano, a kuma tambayi 'yan sumoga ko sun taɓa cin kasuwa irin ta lokacin. Don shinkafa kaɗai sai a kashe cinikin shanu da wake da dabino da kanwa? Haba jama'a!

Yanzu ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina, da reshe zuwa Dutse. Aiki ne mai kyau. Sai dai jirgi ba ya tsallake kwaɗo. Kafin a gama shimfiɗa shi muna son gwamnatocin biyu su rubuta, su sa hannu, cewa rigimar siyasa ba za ta sake rufe hanyar abinci da dabbobi ba, su kuma zauna su tsara wa zai jeme fata, wa zai ɗinka takalmi.

Dattijon nan, kafin mu rabu, ya nuna min wata tirela ana loda mata shanu za ta Kudu. Ya ce lokacin rufewar sai da ya sayar da babur ɗinsa ya sayi gero, kuma har yau bai mayar da shi ba.