Sharhi: Idan Jirgin Safiyo Ya Tsufa, Wa Ke Yanka Shi?

Jama'a masu sauraro a Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena, barkanmu da warhaka.

Kafin a haƙa rijiyar mai a teku, irin na yankin Rio del Rey a Kamaru, sai jirgin safiyo ya bi ruwan tukuna. Yana jan wayoyi masu tsawon kilomitoci a bayansa, yana harba matsattsiyar iska cikin ruwa, na'urori suna ɗaukar amon da ke dawowa daga ƙarƙashin ƙasa. Da farashin mai ya faɗi a 2014, aikin ya yi ƙaranci, kamfanoni suka ɗaure tsofaffin jiragen, da yawa kuma aka sayar wa masu yanka.

Ana cinikin ne da nauyin jirgi ba kaya ba mai, tan kaza dala kaza. A nan jirgin safiyo bai da armashi. Ƙarfensa tan dubu kaɗan ne, alhali babbar tanka, wato jirgin ruwan dakon mai, takan haura tan 30,000. Ribarsa tana cikin jan ƙarfen wayoyi, farfela, janareto, da manyan kwamfiresa masu matsa iska har kusan ninki 140 na matsin iskar da muke shaƙa. Wahalarsa kuma ta fi ribar yawa.

Aikin ƙwarai da takarda yake farawa: a rubuta kowane abu mai guba da ke cikin jirgin da inda yake. Akwai asbesto a jikin bututai da ɗakin inji, wanda ƙurarsa ke lalata huhu bayan shekaru. Akwai sinadarin PCB a tsofaffin wayoyi, da fentin TBT a gindin jirgi, wanda aka haramta tun 2008. Tsofaffin wayoyin safiyo ma ba fanko ba ne, cike suke da wani mai dangin kananzir domin su yi iyo. Sai a zuƙe man, a sauke iskar da ta rage a tankunan kwamfiresa, a wanke tankunan baƙin mai, a buɗe su sha iska, a auna da na'ura a tabbatar babu gas. Sannan a kunna wutar yanka, daga sama zuwa ƙasa, gindi ne ƙarshe domin shi ke tare dattin mai.

Wanda ya tsallake awon gas ya sayi gawa. A Nuwamban 2016 wata tanka ta fashe a Gadani ta Pakistan ana cikin yanka ta, fiye da mutum 20 suka mutu. Masu waldarmu sun san wannan, domin tankin mota da aka ce babu komai ciki shi ke tashi da mutum.

Mafi yawan yankan ana yin sa a Alang ta Indiya, Chattogram ta Bangaladash da Gadani, inda ake tuƙa jirgi ya hau gaɓa lokacin cikar teku, a yanka shi kan taɓo. Abin da ya zube, ruwa ya kwashe. A Aliaga ta Turkiyya ana jawo guntayen kan daɓen siminti mai magudana, shi ya sa kuɗin da suke biyan mai jirgi bai kai na Asiya ba.

Yarjejeniyar Hong Kong ta 2009, wadda ta tsara yadda za a yanka jirage ba tare da cutar da ma'aikata da muhalli ba, sai ranar 26 ga Yunin 2025 ta fara aiki. Amma dillalai suna da dabara: su sauya wa jirgi suna da tuta kafin tafiyarsa ta ƙarshe, zuwa tutar Komoros ko Palau, mai shi na asali ya zame. Wannan ya shafe mu, domin tutar Kamaru tana cikin baƙin jerin masu binciken jiragen ruwa na Turai. Ya kamata hukuma ta ƙi yi wa kowane tsohon jirgi rajista sai ya nuna takardar abubuwa masu guba da sunan filin da za a yanka shi.