Darasin Manoma: Murzuna da buhun ɗan ƙwaron da ke kashe ta

Assalamu alaikum masu saurare, manoman Katsinar Maradi da na Gobir, daga Madarumfa har Dakwaro, daga Gidan Rumji har Tasawa. Barkanmu da aiki, barkanmu da damana. Wanda ke bakin gona da rediyo rataye a icce, ya ɗan ajiye hauya ya matso kusa, don darasin yau na hatsi ne, kuma lokacinsa ne yanzu da hatsi ya yi ciki.

Yau murzuna za mu ɗauka. Kowa ya san aikinta. Ka zo gona ka ga zangarniya ta fito da kyau, bayan mako biyu ko uku ka ga an yi mata wata hanya mai murɗewa, ka girgiza ka ga gari na zuba. A shekarar da ta yi yawa, tana iya cinye fiye da rabin abin da gona za ta ba da. Dami yana nan da girmansa, amma in mata suka sussuka, ba su samun abin kirki.

To bari mu fara da sanin ita wace ce. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare. Yana fitowa daga ƙasa kamar wata guda bayan ruwan shuka, ya bi kan hatsin da ya fara leƙowa ya zuba ƙwai. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta shige tsakanin bununi, tana yanke 'yan sandunan da ke riƙe da ƙwaya. In ta ƙoshi ta sauko ta nutse cikin ƙasar gonarka, ta kwana can rani duka, sai wata damana. Sau ɗaya take haihuwa a shekara.

Ku lura da wannan da kyau, don nan ne kuɗin mutane ke tafiya a banza. Tsutsar tana ɓoye cikin zangarniya, hatsi kuma ya fi mutum tsawo. Mai feshi zai ɗaga hannu sama, maganin ya dawo masa a fuska da ƙirji, ita kuwa tana ciki bai taɓa ta ba. Kuma lokacin da ka ga murɗin nan, ɓarna ta riga ta yi nisa. Ni dai ban ba kowa shawarar ya sayi magani don murzuna ba.

Abin da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, a Tarna suka yi aiki a kai, tare da ma'aikatar kare tsirrai ta ƙasa, DGPV, da malaman jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shi ne wani ɗan ƙwaro da Allah Ya halitta a ƙasarmu tun asali. Sunansa na boko Habrobracon hebetor. Dangin zanzaro ne, amma ƙarami ƙwarai, bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma ba ya harbin mutum ko dabba, ba ya cin hatsi. Macen ce ke shiga cikin zangarniya ta nemo tsutsar, ta harbe ta ta sandare, ta zuba ƙwai a jikinta. 'Ya'yan su cinye tsutsar, cikin kwana goma ko kusa da haka su zama manya, su ma su bazu neman wasu. Matsalarsa ɗaya: zafin rani da rashin abinci suna rage shi sosai, sai ya makara, bai yin yawa sai murzuna ta gama ɓarna. Shi ya sa ake kiwonsa a ɗaki, a sake shi da wuri. An fara wannan aiki a ƙauyukanmu tun 2006.

Yanzu ga yadda ake yi. Za a kawo muku 'yan ƙananan buhunan garara. Cikin kowane akwai ɗan hatsi da gari, da tsutsa 25 ta wani ƙwaron rumbu da ake kiwon ɗan zanzaron da ita, da matansa biyu. Gari guda buhu 15 ake ba shi. Kar mai gari ya tara su gonarsa, kar kuma a raba wa dangi. A zaɓi gona biyar: ɗaya kusa da gari, ɗaya gabas, ɗaya yamma, ɗaya kudu, ɗaya arewa, kowace a sa mata uku. A rataye buhu a reshen icce, cikin inuwa, a kifa masa wani abu a sama, ko yankakken bido, don kar ruwa ya jiƙa shi, amma gefe ya zama a buɗe. A duba kar tururuwa ko cinnaka su hau. A ja wa yara kunne kar su kwance. Ba sai an buɗe bakin buhun ba, ta ramukan saƙar suke fita. Bayan mako guda za su fara fitowa, su yi ta fita har mako biyu ko uku, kuma suna yaɗuwa kilomita da dama kewaye da gari.

Wani zai ce, Malam, yaushe za a rataye? Da zarar kan hatsi ya fara fitowa a gonakin da suka riga shuka. Ke nan yau ya kamata mai gari ko shugaban ƙungiya ya je wurin malamin gona na kwamin ya rubuta sunan garinku, don buhun ba a ajiye yake ba, sai an shirya shi. Akwai ma ƙungiyoyin manoma da aka koya wa kiwon ƙwaron suna sayarwa. In gari ya haɗa kuɗi, abin da zai faɗa kan kowane gida kaɗan ne.

Sai babban sharaɗi, ina roƙonku don Allah. In an rataye buhu, kar wani ya bi gonar da feshi. Maganin da bai kai ga murzuna ba, shi ɗan zanzaron nan take yake kashe shi. In darɓa ta kama waken da ke cikin hatsin, ko fara ta sauko, a sanar da malamin gona, shi zai faɗi abin da za a yi da inda za a yi.

Tunda na ambaci magani, bari in ratse kaɗan. Kwalaben da ake shimfiɗawa a kasuwa cikin rana, da yawansu ba su da izinin kwamitin CILSS mai tantance magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel. Wannan na cikin abin da ma'aikatan binciken tsirrai ke dubawa a iyakar Ɗan Isa, tare da iri da dashe da kayan gona masu shigowa. In sun tambaye ka takardar lafiyar kaya, kar ka ga kamar tsangwama ce. Tsutsar masara da ta addabi masu lambu, daga nahiyar Amurka ta taso, a 2016 aka fara ganinta a Afirka ta Yamma. Tsutsar tumatir da ta durƙusar da manoman Kano a 2016 ɗin, ita ma baƙuwa ce daga Kudancin Amurka. 'Yan Jiratawa da masu noman gulbi sun san abin da nake faɗi.

Mu koma gona. Ta yaya za ka san buhun ya yi aiki? Bayan mako uku ko huɗu, ka kama zangarniya mai murɗi ka buɗa hanyar da yatsa a hankali. In ka ga tsutsa ta yi baƙi ta bushe, ko ka ga 'yan fararen kwanso ƙanana jere kusa da gawarta, to ɗan zanzaron ya iso gonarka. Ka duba kai goma a wurare dabam-dabam, ka faɗa wa malamin gona nawa ka samu da matacciya, don da wannan lissafi suke sanin garuruwan da za a fara kai wa baɗi. Kuma kowace damana sai an sake, na bana ba ya isar wa baɗi.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki ajiyar wake a buhun PICS mai riɓi uku, da yadda ake ɗaure bakinsa. Wanda ke da tambaya kan murzuna ya aiko, da ita za mu buɗe shirin. Allah Ya ba mu damana mai albarka. Wassalamu alaikum.