Wa'adin Notis da Kuɗin da Ake Biya a Madadinsa

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Idan aka miƙa wa ma'aikaci takardar sallama, aka ce ya tattara nasa-ya-nasa a ranar, abu na farko da ya kamata ya tambaya shi ne batun notis. Notis shi ne wa'adin da ɓangare ɗaya yake bai wa ɗayan kafin a raba gari, domin ma'aikaci ya samu sararin neman wani abin yi, kamfani kuma ya samu wanda zai maye gurbinsa.

Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a shekarar 1982, ta tanadi cewa duk wanda za a sallama yana da haƙƙin a ba shi wa'adi mai ma'ana ko a biya shi diyya a madadinsa, sai fa idan ya aikata babban laifi. Tsawon wa'adin kuwa kowace ƙasa da nata. A Birtaniya, dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta ba da mako ɗaya ga wanda ya yi aƙalla wata ɗaya amma bai cika shekara 2 ba, daga nan kuma mako ɗaya a kan kowace shekarar aiki har zuwa mako 12. A Afirka ta Kudu, wanda ya cika shekara ɗaya yana da mako 4. Waɗannan su ne mafi ƙaranci; idan takardar ɗaukar aiki ta ba da fiye da haka, ita ake bi.

Inda ake yawan cutar mutane shi ne wajen biyan kuɗi a madadin notis. Kamfani yana iya cewa ba ya buƙatar ka ƙarasa wa'adin, sai ya biya ka albashin kwanakin ka tafi nan take. Wannan kuɗi ba alfarma ba ce, kuma ba shi ne garatuti ko kuɗin hutun da ba ka tafi ba, domin kowanne lissafinsa daban. A ganina, babban kuskure ne mutum ya sa hannu a takardar da ta dunƙule su wuri ɗaya ba tare da an fayyace masa ba. Ka duba ko tsurar albashi aka lissafa ko har da alawus-alawus, saboda wani lokaci alawus ɗin ya kusa kamo albashin kansa.

Wajibcin yana kan ma'aikaci shi ma. Wanda ya ajiye aiki ya tafi ba notis, ana iya neman sa da kuɗin wa'adin idan yarjejeniya da doka sun yarda. Don haka ka rubuta notis ɗinka, ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannun karɓa.